Bas Ɗin da Aka Turara a Abbaganaram

Wata huɗu na yi a Maiduguri babu katin shaida a jikina, kuma ba ɓacewa ya yi ba. Yana cikin aljihun rigar wani mutum da kowa ke kira Manaja, idan ya zauna har shatinsa nake hangowa. Har yau idan na tuna fuskar mutumin nan sai abinci ya fita raina.

Sunana Lawali, kafinta ne ni daga Maraɗi. Mahaifina gurmi da molo yake sassaƙawa, ni kuma na zarce gyaran jita da duk wani abin kiɗa na katako da makaɗan biki suka fasa. A wurin wani biki Manaja ya ga aikina, ya yi mini romon baka, ya ce yana da shago a Maiduguri cike da kayan kiɗa, mai gyara kawai ya rasa. Ba zan ɓata lokaci kan yadda na baro gida ba. Na dai zo.

A tasha ya tarbe ni, kafin ma in sauke akwatin kayan aikina ya miƙo hannu.

"Kawo katinka in ajiye maka, ɗan Nijar. Garin nan ba a wasa da takarda, in ta faɗi ka shiga uku."

Na ba shi, har da godiya. Wannan godiyar ita ta fi ci mini rai.

Shagon da aka yi mini alkawari yana Jiddari Polo, kuma ɗakin ajiya ne. Kujerun haya ne a ciki, da rumfuna, da manyan lasifikoki masu nauyin tsiya. Jita ɗaya na gani, ita ma babu wuya. Aikina ya zama ɗauka da saukewa daga biki zuwa biki, a nan kuma nake kwana tsakanin kujeru. Duk lokacin da na ce a ba ni katina in koma gida, sai ya ce gobe. Wanda bai san hanyar fita Maiduguri ba zai ce me ya hana ni tafiya haka nan. Shingayen bincike ne a jere, kuma baƙon da ya fito daga wata ƙasa babu takarda ba a yi masa tambaya sau biyu. Manaja ya san haka sarai.

Kewa ta dame ni. Abokan aiki mutanen kirki ne, amma da hira ta yi daɗi sai su juya harshe zuwa Barbarci, su yi ta dariya ina tsaye kamar turmi. In na yi magana kuma su kwaikwayi Hausata. Matata in mun yi waya ta daina tambayata yaushe zan dawo, sai dai ta ce yarinya ta fara tafiya.

Ana nan sai Manaja ya shigo wata rana yana ta washe baki, ya ce babban aiki ya samu. Wata mawaƙiya ce mai suna Fanna za ta zo daga ƙasashen Turai. Mahaifinta ɗan Abbaganaram ne, ya rasu a can, ita kuma rabonta da garin tun tana ƙarama. Ita ke rubuta waƙoƙinta, tana haɗa Barbarci da Hausa da Turanci, tana cakuɗa kiɗan gida da wani kiɗa da ake kira jaz. Ba taron fili take so ba. Ɗan zama take so bayan la'asar ranar Asabar, dangi da 'yan tsirarun baƙi, a kan tabarmi. Abin kiɗanta ya riga ta tahowa ta mota daga Kano, don jirgin da za ta hau zuwa Maiduguri bai karɓe shi ba.

Ranar Laraba aka aike ni in ɗauko shi a bakin Kasuwar Kifi ta Baga Road. Da na ga motar sai da na dafe kai. Don rowa, Manaja ya sa an ɗora shi a bayan motar da ta kai busasshen kifi Kano ta dawo da kwalaye. Tun daga nesa jakar ke tashin ƙarni. Na rungume ta a keke napep, rabinta a waje, har Abbaganaram, gidan gwaggon mawaƙiyar, inda aka ce a ajiye.

A ɗakin baƙi na kusa da zaure na zuge jakar. Ban taɓa ganin irinsa ido da ido ba. Sunansa bas. Kamar goge yake amma duk katako, ya fi ni tsayi, tsirkiya huɗu masu kauri, ciki kamar na randa. Na bi shi da yatsa gaɓa-gaɓa, na ƙwanƙwasa ko'ina, lafiyarsa ƙalau. Sai na fitar da shi na jingina a kusurwa don ya sha iska, jakar kuma na shanya ta a waje.

Ina cikin haka wata tsohuwa ta leƙo, doguwa, naɗe da lafaya ruwan goro. Ita ce Ya Kaltum, mai gidan, yayar mahaifin Fanna.

"Wushe, sannu, ɗana. Ka ci abinci kuwa?"

Na tsaya ina kallonta. Wata huɗu babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Ta kawo burabusko da miyar kuka da kifi, ta zauna a bakin ƙofa har na cinye, tana tambayata sunan 'yata. Da zan tafi ta toshe hanci ta nuna bas ɗin da baki ta ce wannan baƙo ya sha hanya. Na yi dariya na tafi.

Washegari da hantsi muka dawo tare da Manaja da Fanna, daga filin jirgi kai tsaye. Tana shiga ɗakin ta tsaya cak. Fuskar bas ɗin ta rabu da gefensa daga ƙasa, tsagar ta kai kamu biyu, hannu zai shiga. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa kai ya faɗi, tsirkiyoyin sun saki. Da ta motsa shi sai muka ji wani abu na gungurawa a ciki. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a kan tsagar, ba ta yi kuka ba. Ta ce na malaminta ne da ya rasu, shi ya bar mata.

"Wa ya buɗe jakar?" ta tambaya da Hausarta mai tsinkewa.

"Ni ne, Hajiya. Amma lafiya na bar shi."

Manaja ya daka mini tsawa har ƙofar ta amsa. Ya zaro katina daga aljihu ya kaɗa mini a hanci.

"Ka gan shi? Wallahi in abin nan bai yi kuka ranar Asabar ba, da hannuna zan kai ka wurin masu kaki in ce ban san daga inda ka fito ba."

Ko motar kifi bai ambata ba. Fanna kuwa ba ta ko dube ni ba, ta ce da shi, "Kada ya sake taɓa shi." Wannan ta fi tsawar zafi. Tun ina yaro nake cikin katako, yau ga wata ta zo daga uwa duniya tana magana a kaina kamar akuya ce ta shiga ɗaki.

Da suka fita neman mai gyara sai na kwanta rub da ciki na leƙa ƙasan bas ɗin. Katakon ya yi baƙi-baƙi, yana danƙo. A kan siminti ga da'irar toka guda biyu. Na kai hanci bakin ramin da ke fuskarsa na shaƙa. Duk gidan ƙamshin turare yake, shi ya sa babu wanda ya lura, amma na cikin bas ɗin har yaji yake yi.

Ban gama tashi ba Ya Kaltum ta shigo da tire.

"Allah sarki, hanya ta wahalar da shi," ta ce. "Amma ka ji ya daina wari ko? Jiya da ka tafi na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, na sa masa kasko biyu, na lulluɓe shi da lafaya don kada hayaƙin ya gudu. 'Yar ƙanena ba za ta rungumi ƙarnin kifi a gidan ubanta ba."

A Barno haka ake karrama baƙo. Ba a barinsa da warin hanya, tufafinsa da shimfiɗarsa duk sai an bi da turaren wuta. Ita ba ta san cewa irin wannan katako babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa ba. Da gam ɗin fata ake haɗa shi, wanda laima da zafi ke narkarwa. Ta ba shi laima, ta ba shi zafi, ta rufe.

 Na ji haushinta, wallahi na ji, kamar in kifar da tiren. Kalma ɗaya zan faɗa in wanke kaina. Amma matar nan ta yi wata guda tana gyaran gida, ta gayyato ƙawayenta kaf su zo su ga 'yar ɗan'uwanta da ta dawo. In na yi magana, abin da yarinyar za ta fara sani game da gwaggonta ke nan. Na ja tiren na ce Allah ya saka da alheri, na ci abincin.

Bayan azahar suka dawo, babu mai gyara a duk garin. Fanna ta tsaya a bakin ƙofa.

"An ce kai kafinta ne. Za ka iya?"

"Da an tambaye ni tun da safe da mun yi nisa," na ce mata. Ban sassauta murya ba.

Manaja ya kawo mini gam irin na kanti mai kama ƙarfe. Na ce ya mayar. In aka sa wannan, katakon ba zai ƙara numfashi ba, kuma duk mai gyaran da ya zo bayana sai ya tsine mini. Na koma kasuwar kifi da ƙafa, ina tafe ina zage-zage a zuci. Mahaifina ya taɓa nuna mini yadda ake dafa gam da jakar iskar da ke cikin kifin giwan ruwa, idan fata ta yi wuya. Na bi rumfa-rumfa ana yi mini kallon mahaukaci, har na faɗa wurin wani dattijo, Baba Kyari, yana zaune cikin tulin banda. Ya saurare ni har ƙarshe, ya shiga ciki ya fito da busassu guda uku, farare kamar takarda. Na sa hannu a aljihu, ya ture hannun.

"Kifinmu ne ya fara ɓata masa jiki, bari kifinmu ya gyara. Je ka, Allah ya ba da sa'a."

Na yayyanka su na jiƙa suka kwana. Ranar Juma'a da sassafe na dafa a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, a murhun Ya Kaltum, ita ke fifita mini wuta tana tambaya ko maganin zai yi masa ɗaci. Na kankare tsohon gam ɗin da wuƙa, na shafa sabo da gashin kaza tun da zafinsa, na haɗa bakin tsagar. Ba ni da abin matsi irin na masu wannan sana'a, don haka na yanka tsohuwar robar cikin taya na naɗe cikin bas ɗin da ita, na cusa 'yan katakai inda ya kamata. Fanna tana zaune a kusurwa tana kallon kowane motsina kamar zan saci wani abu. Abin da ke gungurawa a ciki ɗan guntun katako ne da ke tsayawa tsakanin fuska da baya, in babu shi babu murya. Da lanƙwasasshiyar waya na kamo shi ta ramin, ya faɗi ya fi sau goma kafin ya tsaya. Ranar ko masallacin Juma'a a guje na je.

Gam irin wannan yana son yini da kwana. Sai ranar Asabar da azahar na kwance robar, na tsayar da jakin, muka ɗaure tsirkiyoyi a hankali. Fanna ta ja ɗaya, ta saurara, ta gyaɗa kai. Ba ta ce sannu ba.

A wani lambu a Jiddari Polo aka yi zaman, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. Mutanen ba su fi cikin tabarma shida ba, mata a gefe guda cikin lafaya kala-kala, maza a ɗaya gefen, ana zagayawa da shayi. Fanna ta hana a kafa lasifika, abin da ya sa Manaja ya sha mur. Ni aka ce in tsaya can baya wurin kujerun da na ɗauko.

Da aka idar da la'asar ta miƙe ta rungumi bas ɗin, ta fara da shi kaɗai. Sautin ba a kunne yake tsayawa ba, a ƙirji ake jinsa. Sai ta ɗora wata waƙar Barbarci da mahaifinta ke yi mata tana ƙarama. Tsofaffin matan suka gane ta, suka fara amshi, ita kuma ta ja waƙar ta kai ta wani wuri da ba su sani ba, ta karya kiɗan, ta dawo da shi daidai inda tafinsu yake. Wani tsoho mai ganga ya shiga, suka yi ta zolayar juna, ita da yatsa shi da gula. Haka aka ce mini an ji daɗi. Ni ba waƙa nake saurare ba. Tsagar nake saurare. Duk lokacin da ta finciki tsirkiya mai kauri sai in riƙe numfashi, ina jiran ƙarar da za ta kai ni hannun masu kaki.

Bayan waƙa ta uku ta tsaya ta sunkuya kan bas ɗin. A lambun babu kasko ko ɗaya, shi kuwa duk ja ɗaya sai ya huro iskar cikinsa waje.

"Abin mamaki," ta ce tana murmushi. "Tun ɗazu nake jin ƙamshin rigar babana. Daga cikinsa yake fitowa."

"To ba dole ba!" in ji Ya Kaltum daga tabarmar gaba, da ƙarfinta. "Ni na turara shi. Kasko biyu na sa masa, na lulluɓe shi ya kwana."

Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce haka ake yi. Fanna ba ta yi dariya ba.

"Kasko? Da wuta a ciki? A ƙarƙashinsa?"

Ta sunkuya ta yi wa gwaggonta magana da Barbarci ƙasa-ƙasa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga yadda fuskar tsohuwar ta sauka, ta kai gefen lafaya ta rufe baki. Zuciyata ta tafasa. Kwana uku ina haɗiye maganar nan don in rufa mata asiri, ga shi ta zubar da ita da kanta a gaban mutane, kuma kunyar da na guje mata ta same ta duk da haka.

Fanna ta ɗago tana nemana da ido.

"Malam Lawali, don Allah zo gaba. Ina so kowa ya ga wanda ya gyara shi. Na zalunce ka."

Mutane suka juyo, wasu har sun fara tafi. Ban motsa ba.

"Hajiya, ni ba tafi nake so ba. Katina nake so."

 Ya Kaltum ta ce, "Wane kati, ɗana?" Na faɗa mata, daga tasha har ranar Alhamis, ban rage komai ba, har motar kifin.  Manaja ya yi tsuru-tsuru yana gyara hula.

Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta taka tabarmar maza ta wuce har gabansa, ta buɗe tafin hannu.

"Ajiya na yi masa, Ya Kaltum, don tsaronsa ne, ai kin san halin..."

Hannun nata bai sauka ba. Ya duba hagu ya duba dama, babu wanda ya kawo masa ɗauki. Ya zaro ya ɗora mata. Ta kawo mini har baya, riƙe da hannu biyu. Gumin aljihunsa ya sa gefen katin ya fara ɓarewa.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ni ce ba?" in ji ta.

"Ke kaɗai kika tambaye ni ko na ci abinci, Ya."

Ta kama gefen rigata ta ja ni har tabarmar gaba ta zaunar da ni. Fanna ta goge ido da bayan hannu ta fara waƙar ƙarshe, da Hausa, a kan mutumin da ya daɗe a hanya. Ita ce kaɗai waƙar da na ji a ranar. Tsagar ba ta ce komai ba har aka tashi gab da magariba.

Manaja bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban yafe ba, kada wani ya ce na yafe. Washegari da safe na ɗauki akwatina. Fanna ta roƙe ni in tsaya mako guda, na ce 'yata ta fara tafiya ban gani ba. Ya Kaltum ta ba ni kwalba cike da turaren wuta ta ce in kai wa matata, ta ƙara da cewa ita da katako kuma har abada.

A shingen farko wani mai kaki ya karɓi katin, ya dube shi, ya dube ni, ya miƙo mini. Ko minti ɗaya bai yi ba. Abin da aka riƙe ni wata huɗu a kansa ke nan. Na zauna a mota ina huci har Damaturu.

Kwalbar har yanzu da saura, matata ba ta sa shi sai ranar Juma'a. Da ta ɗauko kasko sai in tashi in kwashe jitocin mutane in kai waje, sannan in dawo in zauna kusa da hayaƙin.